Mai Jego da Fitsari Ya Ƙi Fita: Nazarin Lamarin Riƙewar Fitsari Bayan Haihuwar Fari

Kafin a sallami mai jego daga ɗakin haihuwa, abin da ya fi ɗaukar hankalin ma'aikata shi ne zubar jini da hawan jini da zazzaɓi, kuma sun cancanci haka, domin su ne ke saurin halaka mace. Batun fitsari kuwa sau da yawa tambaya ɗaya ake yi a kansa, a ce mata ko ta yi, ta amsa da cewa ta yi, a wuce zuwa gado na gaba. Amma akwai matan da mafitsararsu kan kasa fitar da abin da ke cikinta bayan sun haihu da kansu ba tare da tiyata ba, kuma masana sun kasa matsalar gida biyu. Akwai ta fili, wato mace ta kai sa'o'i 6 bayan haihuwa ba ta iya yin fitsari ba ko kaɗan. Akwai kuma ta ɓoye, wato tana yi, amma idan aka auna sai a tarar mililita 150 ko fiye ya rage a ciki bayan ta gama. Ta biyun ce ta fi yaudarar ma'aikaci, domin amsar da mace za ta ba shi gaskiya ce, amma ba ta nuna halin da mafitsarar take ciki.

Lamarin da za a bayyana a nan an tsara shi ne domin koyarwa, daga irin abin da ungozomomi da likitoci suka saba gani a asibitocin arewacin Najeriya, don haka ba a ambaci sunan mace ko na asibiti ba.

Yadda naƙudar ta kasance

Yarinyar 'yar shekara 19 ce, cikin fari, kuma kamar yadda aka saba ta koma gidan iyayenta goyon ciki tun watan haihuwarta bai kama ba. Ta je awo sau huɗu, ba a ga wata matsala ba illa ɗan ƙarancin jini da aka ba ta magani a kai. Naƙuda ta fara mata bayan sallar isha'i ranar Talata, amma kunya ta hana ta faɗa wa kowa har asubahin Laraba, lokacin da gwaggonta ta lura da yadda take dafe bango. An ci gaba da jira a gida har bayan la'asar, sannan aka samu mota aka kai ta babban asibitin garin. Da isarta ungozoma ta duba ta, ta tarar bakin mahaifa ya buɗe santimita 6, bugun zuciyar jariri kuma lafiya lau. Ta yi fitsari sau ɗaya a lokacin da aka karɓe ta, aka gwada shi, daga nan ba a sake rubuta komai game da fitsarinta ba a takardar bibiyar naƙuda, duk da cewa akwai gurbin da aka ware domin haka.

Da aka ga naƙudar tana tafiyar hawainiya sai aka ɗaura mata ruwan naƙuda, kuma tsakanin wannan da ƙarin ruwan da aka yi mata saboda galabaita, kusan lita 2 ya shiga jikinta kafin tsakar dare. Bakin mahaifa ya gama buɗewa bayan ƙarfe 11 na dare, ta shiga nishi, amma kan jaririn ya zo yana kallon gaban uwar maimakon bayanta, wanda hakan ke sa saukowarsa ta yi wuya. Bayan ta kwashe sa'o'i 2 da minti 45 a wannan mataki, ƙarfinta ya ƙare, likita ya yanke shawarar janyo jaririn da na'urar zuƙo kai. Kafin a sa na'urar an zura mata robar fitsari kamar yadda ƙa'ida ta tanada, aka fitar da mililita 600, aka cire robar. An yi mata ƙari, ƙarin kuma ya ɗan zarce ya yage zuwa ciki, aka haifi namiji mai nauyin kilo 3.9 wajen ƙarfe 2 na daren da zai waye Alhamis. Mabiyiya ta faɗo cikakkiya, jinin da ta zubar bai wuce ƙima ba, aka yi mata ɗinki. Idan aka lissafa daga isha'in Talata, naƙudar ta ɗauki kimanin sa'o'i 30.

Da hantsi ya yi, gadaje sun cika, wasu matan na jira a kan benci, dangi kuma suna son a tafi gida a fara wanka. Ma'aikaciyar da ke aikin safe ta duba jininta da zafin jikinta, ta taɓa mahaifa, sannan ta tambaye ta: "Ƙanwata, kin yi fitsari?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na yi, Sista." Abin da ba ta faɗa ba, kuma ba a tambaye ta ba, shi ne cewa ɗan kaɗan ne ya fito, da raɗaɗi mai tsanani a wurin ɗinkin, har ta matse da gangan don ya tsaya. An sallame ta wajen azahar, sa'o'i 10 da 'yan kai bayan haihuwa.

A gida aka fara wankan jego da ruwan zafi safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa tana sha sosai domin nono ya kawo. Ranar Juma'a ta riƙa zaryar banɗaki, kowane zuwa ba ya wuce 'yan ɗigo, mararta kuma tana ciwo, amma kowa ya ɗauka ciwon nan ne da mai jego kan ji lokacin da mahaifa ke komawa mazauninta. Ranar Asabar sai ciwon ya ɗan lafa, a maimakonsa kuma fitsari ya fara zubo mata ba tare da ta sani ba, zanenta da shimfiɗarta suna jiƙewa. Nan hankalin gwaggon ya tashi, domin ta san doguwar naƙuda ce ke kawo yoyon fitsari, kuma ta san abin da wannan lalura kan jawo wa aure. Tsoron kada labari ya kai gidan miji ya sa suka yi shiru kwana guda. Sai ranar Lahadi, kwana na huɗu, da zazzaɓi da rawar sanyi suka rufe ta, aka mayar da ita asibiti.

Abin da aka tarar

Zafin jikinta ya kai digiri 38.4. Da aka kwantar da ita aka ga mararta ta yi tozo har ya haura cibiya, mai taushi, yana mata zafi idan an danna, mahaifa kuma an ture ta sama zuwa ɓangaren dama, ba ta sauka yadda ya kamata a kwana na huɗu ba. Gabanta ya kumbura sosai, ɗinkin bai warware ba, babu kuma tarin jini a ƙarƙashinsa. Tun da ta haihu ba ta yi bayan gida ba. Aka zura robar fitsari, kuma cikin rabin sa'a mililita 2,100 na fitsari mai duhu da wari ya taru a leda, tozon marar ya sace, ita kanta ta ce ta ji an sauke mata kaya.

Domin a kore shakkar yoyon fitsari, likita ya zuba ruwa mai launin shuɗi cikin mafitsara ta robar, ya duba farji da kyau, babu inda launin ya ɓullo. Wannan ya tabbatar da cewa babu rami tsakanin mafitsara da farji. Abin da ke zuba a zanenta ambaliya ce kawai, kamar tulun da ya cika ana ci gaba da zuba masa ruwa har yana tumbatsa ta baki, alhali cikinsa bai ragu ba. Gwajin fitsari ya nuna ƙwayoyin cuta, gwajin jini ya nuna aikin ƙoda ya ɗan taɓu, hoton ciki kuma ya nuna ƙodojin biyu sun ɗan kumbura saboda fitsarin da ya rasa hanyar sauka ya koma yana danna su.

Abubuwan da suka jefa ta cikin haɗari

Kafin a bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kamata a fahimci cewa kowace mai jego, ko da haihuwarta ta zo da sauƙi, mafitsararta ba ta cikin yanayinta na yau da kullum. Sinadaran ciki, musamman wanda ke sassauta tsokar mahaifa don kada ta fitar da ɗa kafin lokaci, suna sassauta tsokar mafitsara ita ma, sai ta riƙa ɗaukar fitsari mai yawa ba tare da mace ta ji matsuwa ba. A daidai wannan lokaci kuma jiki ke zubar da ruwan da ya tara tsawon wata tara, har mai jego kan iya fitar da kusan lita 3 a rana a kwanakin farko. Mafitsarar babban mutum kan nemi a sauke ta idan ta kai mililita 400 zuwa 600. Ke nan ruwa yana sauka da yawa a cikin mazubin da jinsa ya ragu, kuma ƙaramin cikas ya isa ya mayar da wannan yanayi ciwo.

Cikas mafi girma a wannan lamari shi ne tsawon naƙuda, musamman matakin nishi. Mafitsara tana zaune ne a gaban mahaifa, bayan ƙashin mara, kuma idan kan jariri ya sauko sai ya matse wuyanta da bututun fitsari a jikin ƙashin. Matsi na ɗan lokaci ba ya barin illa, amma na sa'o'i yana kumbura wurin, ya kuma ja jijiyoyin da suka fito daga ƙasan gadon baya, waɗanda su ne ke kai saƙon cewa mafitsara ta cika, su dawo da umarnin ta matse, ƙofarta kuma ta saki. Jijiyar da aka ja ta wuce ƙima takan yi sanyi na kwanaki ko makonni kafin ta farfaɗo. A wani bincike da Shing-Kai Yip da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 daga Hong Kong, sun auna ragowar fitsari a mata 691 da suka haihu da kansu, suka tarar kashi 14.6 cikin ɗari suna da riƙewar fitsari, mafi yawansu irin ta ɓoye, kuma abin da ya fi alaƙa da ita shi ne naƙudar da ta kai minti 800, wato sama da sa'o'i 13. Naƙudar yarinyar nan ta ninka wannan fiye da sau biyu. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018 ta ce a haihuwar fari matakin nishi yakan kammala cikin sa'o'i 3, don haka ba za a ce an saɓa ƙa'ida a nata ba, amma ta kai bakin iyaka bayan ta riga ta yi kwana guda cur tana fama.

Akwai wata alama a cikin fayil ɗinta da nake ganin ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce aka fi saurin wucewa: mililita 600 ɗin nan da aka fitar kafin a sa na'ura. Ma'anarsa ita ce tun tana naƙuda mafitsarar ta riga ta cika ta miƙe na tsawon sa'o'i ba tare da ta ji ba, ko kuma ta ji amma zafin naƙuda ya danne. Tsokar mafitsara idan ta miƙe fiye da ƙima ƙarfin matsewarta yana raguwa, idan ya ragu fitsari ya ƙara taruwa, taruwar kuma ta ƙara miƙe ta. Ruwan da aka ƙara mata ya hanzarta wannan, kuma sinadarin da ke cikin ruwan naƙuda yana da ɗabi'ar riƙe ruwa a jiki muddin yana shiga, da zarar an cire shi sai ƙoda ta saki fitsari da yawa a lokaci ɗaya, daidai sa'o'in da mace ta gaji ta yi barci. Shi ya sa ake son mai naƙuda ta riƙa fitsari duk bayan sa'o'i 2 zuwa 4, a kuma rubuta, idan ta kasa a taimaka mata da roba a cire.

Janyo jariri da na'ura, ko ta zuƙo ce ko ƙarfen da ke kama kai ta gefe biyu, yana cikin abubuwan da kusan kowane bincike ya ambata. A asibitin Mayo da ke Amurka, Carley da abokan aikinsa sun wallafa a 2002 cewa cikin haihuwa 11,332 mata 51 ne suka samu riƙewar fitsari ta fili, kuma da aka tace dalilan, biyu ne suka tsaya da ƙafarsu: haihuwa da na'ura da allurar kashe zafi ta gadon baya. A 2012 kuma Femke Mulder da abokan aikinta a Amsterdam suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka fito da abubuwa huɗu da ke yawan tafiya tare da matsalar, wato na'ura, allurar baya, ƙari da haihuwar fari. Uku daga cikin huɗun suna tattare da wannan yarinya. Sai dai bai kamata a karanta wannan a matsayin laifin na'urar ba, domin ba don ita ba da watakila an rasa jaririn ko an kai ga tiyata. Gaskiyar magana ita ce waɗannan abubuwa ba sa zuwa ɗaiɗai. Mai haihuwar fari ita ce naƙudarta ke tsawo, mai doguwar naƙuda ita ce ake ɗaura wa ruwa, ita ce ke gajiya a kai ga na'ura, wadda aka sa wa na'ura kuma ita ce ake yi wa ƙari. Rarrabe gudummawar kowanne aikin masu bincike ne, amma ga ma'aikacin da ke tsaye a bakin gado, haɗuwarsu a jikin mace ɗaya ta isa gargaɗi.

Ƙari da yagewa suna cutarwa ta wata hanya dabam, wato ta zafi da kumburi. Fitsari ba ya fita sai tsokokin ƙasan ƙugu sun saki, kuma macen da fitsari ke zuba a kan sabon ɗinki yana mata raɗaɗi, jikinta da kansa yake ɗaure waɗannan tsokoki ko da ba ta yi niyya ba. Yarinyar nan an sallame ta da maganin ƙarin jini amma ba a ba ta isasshen maganin zafi ba, alhali farasitamol da ɗaya daga cikin magungunan rage kumburi da ba sa hana shayarwa za su iya sauya labarin tun ranar farko. Taurin bayan gida ya ƙara dagula al'amarin, domin duburar da ta cika tana danna wuyan mafitsara ta baya, kuma tsoron kada ɗinki ya ɓalle kan sa mace ta ƙi yunƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan yi wa kowace mai haihuwar fari ƙari a matsayin al'ada, sai inda akwai dalili, kuma a nan akwai shi. Nauyin jaririn, kilo 3.9, da yadda kansa ya juyo, sun ƙara tsawon matsin da faɗin raunin.

Allurar kashe zafin naƙuda ta gadon baya, wadda ta mamaye rubuce-rubucen Turai da Amurka a kan wannan batu, ba ta shafi wannan lamari ba, kuma ba kasafai ake samun ta a ƙananan asibitocinmu ba. Tana kashe jin cikar mafitsara na sa'o'i bayan ƙafafu sun dawo da motsi, don haka duk inda ake yin ta dole a sa ido. Amma rashinta a wurinmu bai rage mana haɗari ba, domin muna da namu abubuwan da suka maye gurbinta.

Na farkonsu shi ne jinkirin zuwa asibiti. Kusan kashi biyu bisa uku na naƙudar yarinyar nan a gida ta yi shi, inda babu mai tuna mata ta yi fitsari, kuma duk wanda ya lissafa tsawon naƙudarta daga lokacin da aka karɓe ta zai ga sa'o'i 9 ne kawai, ya ɗauka ba ta daɗe ba. Na biyu kunya ce, wadda tarbiyya ce mai kyau a muhallinta, amma a ɗakin haihuwa takan sa yarinya ta ɓoye ciwo, ta kasa neman a raka ta banɗaki, ta kuma amsa tambayar manya da abin da take ganin suna son ji. Mace da yawa ba za ta iya fitsari a tasa a kan gado ba, a ɗakin da ke cike da mutane babu labule. Na uku shi ne saurin sallama. Jagorar kula da mai jego ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka sabunta a 2022, ta nemi mace ta kwana aƙalla sa'o'i 24 a asibiti bayan haihuwar da ba ta zo da matsala ba, a rubuta cewa ta yi fitsari cikin sa'o'i 6 na farko, a sake ganin ta tsakanin sa'o'i 48 zuwa 72, sannan tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a mako na 6. Haihuwar wannan yarinya ba ta ma cikin marasa matsala, amma ta bar asibiti kafin rabin wannan lokaci, kuma da an gan ta a kwana na biyu ko na uku da an gano tozon marar kafin ƙoda ta taɓu. Ba na ɗora wannan a kan ma'aikaciyar da ta sallame ta ita kaɗai, domin wadda ke riƙe da ɗaki guda cike da masu naƙuda ba za ta iya ƙirƙiro gado ba. Amma ko a cikin cunkoso ana iya zaɓen wadda za a fara sallama, kuma wadda ta yi sa'o'i 30 aka janyo ɗanta da na'ura ita ce ya kamata ta zama ta ƙarshe.

Batun yoyon fitsari ma yana buƙatar a tsaya a kansa, domin tsoron gwaggon ba shirme ba ne. Dalilin lalurorin biyu ɗaya ne, wato kan jariri ya daɗe yana matse mafitsara a jikin ƙashi. Idan matsin ya kashe naman wurin sai ya ruɓe ya faɗi bayan 'yan kwanaki, rami ya buɗe. Idan bai kai haka ba sai a tsaya a kumburi da sanyin jijiya. A ido duka biyun jiƙewar zane ce, kuma gwaji ne kaɗai ke raba su. Abin da ya kamata iyalai su sani shi ne, ko wanne ne daga ciki, matakin farko ɗaya ne kuma gaggawa yake so. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana aikin gyaran yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, ya nuna cewa sanya robar fitsari da wuri na iya warkar da wasu sababbin ramuka ƙanana ba tare da tiyata ba. Ke nan kwanan da aka ɓata ana ɓoyewa asara ce ta kowace fuska.

Abin da ya kamata a yi, da abin da aka yi

Babu wani abu mai tsada a cikin matakan da za su hana wannan. Da an rubuta lokacin haihuwa an ƙirga sa'o'i 6 daga nan, da ƙarfe 8 na safe ya zama lokacin da dole a san matsayin mafitsararta. Da an ba ta mazubi mai ma'auni an ga abin da ta fitar da ido, da 'yan ɗigon da ta yi ba su wuce a matsayin fitsari ba. Tambayar ma tana da yadda ake yin ta: ko ya fito da yawa, ko ya zubo da ƙarfi ko ɗis-ɗis, ko ta ji ta gama, ko tana komawa nan da nan. Bayan ta fito sai a ɗora hannu a mara, domin mafitsarar da ta sauke kayanta ba a jin ta a sama da ƙashi, kuma mahaifar da ta hau sama ta karkata gefe alama ce da kowace ungozoma ta sani. Wannan dubawa tana da wani amfanin, domin cikakkiyar mafitsara tana hana mahaifa matsewa, ta jawo zubar jini. Inda akwai na'urar hoto ana auna ragowar da ita, ko da yake girman mahaifa da jinin biƙi kan rikita ma'aunin a kwanakin farko. Inda babu, zura roba a cire ita ce ke ba da amsa mafi inganci. Kafin a kai ga roba ana gwada abubuwa masu sauƙi: maganin zafi, raka ta banɗaki mai sirri, zuba ruwan ɗumi a gaba yayin da take yi, ko sakin famfo ta ji ƙarar ruwa. Binciken Hong Kong ya nuna irin ta ɓoye takan warware da kanta cikin 'yan kwanaki, don haka ba kowace mai ragowar fitsari ce ke buƙatar roba ba, amma wadda ta tara dalilai irin na wannan yarinya ba a barin ta ga sa'a. Wasu asibitocin ma sukan bar robar na wasu sa'o'i tun daga ɗakin haihuwa ga macen da ta sha irin wannan wahala.

Da yake abin da aka fitar mata ya haura lita 2, an bar robar a jikinta kwana 7 domin tsokar ta huta ta dawo da ƙarfinta, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta daidai da sakamakon gwaji, da maganin zafi, da na tausasa bayan gida. Tsawon kwanakin da ake barin roba ya bambanta daga asibiti zuwa asibiti, amma ƙa'idar ita ce gwargwadon yawan abin da ya taru, gwargwadon hutun da mafitsara ke bukata. Zazzaɓin ya sauka cikin kwana biyu, aka sallame ta da robar bayan an koya mata da gwaggonta yadda za su riƙa zubar da ledar, su ajiye ta ƙasa da ƙugu, su kuma tsaftace wurin. An yi suna tana ɗauke da ita a ƙarƙashin zane. An kira mijin aka yi masa bayani a gabanta cewa ba yoyon fitsari ba ne kuma ana sa ran warkewa, abin da ya kwantar da hankalin gidajen biyu.

A kwana na 11 bayan haihuwa aka cire robar don gwaji. Ta yi mililita 120 da kanta, amma da aka auna ragowar sai aka samu 380, wanda ya nuna mafitsarar ba ta gama farfaɗowa ba. An ba ta zaɓi tsakanin koyon zura ƙaramar roba da kanta sau da yawa a rana, hanyar da ake amfani da ita sosai a wasu ƙasashe, da mayar mata da robar da ake bari a jiki na wani mako. Saboda wahalar samun robobin da kuma rashin wurin da za ta keɓe a gidan da ke cike da 'yan barka, ta zaɓi ta biyun. A kwana na 18 ta fitar da mililita 300, ragowar ta tsaya a 90, aka maimaita sau biyu sakamakon bai sauya ba, gwajin ƙoda kuma ya dawo daidai. An umarce ta da ta riƙa zuwa fitsari duk bayan sa'o'i 3 ko da ba ta ji matsuwa ba, har jin ya dawo sosai.

Da ta zo ganin likita a mako na 6, fitsarin yana fita ba tare da ciwo ba, sai dai ta ce wani lokaci yakan ɗan yi jinkirin farawa da safe. An rubuta a katinta cewa ta taɓa samun riƙewar fitsari bayan haihuwa, aka kuma gaya mata ta nuna wannan a awon cikinta na gaba, ta zo asibiti da zarar naƙuda ta fara, a riƙa sauke mafitsararta a kan lokaci yayin naƙuda, kuma kada a sallame ta sai an auna fitsarinta na farko da abin da ya rage bayansa.